FASHIN BAƘI: Yadda aka kafa gwamnatin Amurka, da abin da ya iso Birnin Kudu da Gwaram daga cikin tsarinta

A ranar zaɓen ƙasa, takardu uku ake miƙa wa mai jefa ƙuri'a a Birnin Kudu ko Gwaram: ta shugaban ƙasa, ta sanata da ta ɗan Majalisar Wakilai. Sanatan da zai zaɓa na shiyyar Jigawa ta Kudu maso Yamma ne baki ɗaya. A Majalisar Wakilai kuwa, Birnin Kudu da Buji kujera ɗaya suke tarayya a kai, Gwaram tana da tata ita kaɗai. Idan aka dubi jihar gaba ɗaya, Jigawa na da sanatoci 3, daidai da Kano da Legas, amma 'yan Majalisar Wakilanta 11 ne, alhali Kano da Legas kowacce na da 24.

Wannan rabo, wato daidaito tsakanin jihohi a majalisa ɗaya da bin yawan jama'a a ɗayar, ya samo asali ne daga wani sulhu da aka ƙulla a birnin Filadelfiya na Amurka cikin 1787. Najeriya ta aro shi a 1979, tare da shugaban ƙasa mai cikakken iko da gwamnonin da jama'a ke zaɓa kai tsaye. Sai dai Hausawa na cewa zanen aro ba ya rufe katara. A Amurka jihohi ne suka riga gwamnatin tarayya zuwa, su ne kuma suka yanka mata ikon da za ta riƙe. A Najeriya gwamnatin tsakiya ce ta yanka jihohi da ƙananan hukumomi, ita ce kuma ke raba musu kuɗi duk wata. Wanda ya fahimci wannan bambanci zai gane dalilin da ya sa sunayen muƙamai suka zo ɗaya a ƙasashen biyu, amma aikinsu ya sha bamban.

Gwamnatin da ba ta da ikon karɓar haraji

Yankuna 13 da ke ƙarƙashin mulkin Birtaniya a gaɓar gabashin Amurka ta Arewa sun shelanta 'yancin kansu ranar 4 ga Yuli, 1776. Babban kokensu shi ne majalisar dokokin Landan tana ɗora musu haraji alhali ba su da wakili ko ɗaya a cikinta. Kowane yanki ya zama jiha mai majalisarta da gwamnanta, akasarinsu kuma suka rubuta kundin tsarin mulkinsu. Na jihar Massachusetts, wanda aka amince da shi a 1780, ya girmi na tarayya, kuma har yau da shi ake aiki.

Da yake mulkin sarki suka gudo, sun ji tsoron kafa wata gwamnati mai ƙarfi a kansu. Yarjejeniyar haɗin gwiwa ta farko, wadda ta fara aiki a watan Maris na 1781, majalisa ɗaya tak ta tanada, inda kowace jiha ke da ƙuri'a ɗaya. Babu shugaban ƙasa, babu tsayayyun kotunan tarayya. Majalisar ba ta da ikon ɗora haraji, sai dai ta roƙi jihohi su aiko da gudummawa, su kuwa su aiko da abin da suka ga dama. Gyara yarjejeniyar kuma sai dukkan jihohi 13 sun amince.

An ci yaƙi, Birtaniya ta amince da 'yancin Amurka a yarjejeniyar Faris ta 1783, amma baitulmali wayam. Sojoji na bin bashin albashi, Faransa da bankunan Holand na bin bashin kuɗin yaƙi. A 1786 manoman yammacin Massachusetts, waɗanda bashi da haraji suka yi wa katutu har kotuna na ƙwace gonakinsu, suka ɗauki makamai suka hana kotuna zama. Ɗaya daga cikin jagororinsu tsohon soja ne mai suna Daniel Shays. Gwamnatin tsakiya ba ta da kuɗi ko rundunar da za ta tura, sai attajiran Boston ne suka yi karo-karo aka ɗauki mayaƙan da suka murƙushe boren a farkon 1787. Wannan ya tsorata manyan ƙasar ƙwarai.

Taron Filadelfiya

An buɗe taro ranar 25 ga Mayu, 1787, da sunan yi wa tsohuwar yarjejeniya kwaskwarima. Wakilai 55 daga jihohi 12 ne suka halarta, Rhode Island ta ƙi zuwa. George Washington, wanda ya jagoranci sojoji a yaƙin neman 'yanci, shi ya shugabanci zaman. Suka rufe ƙofa da tagogi, suka yi alkawarin ba wanda zai fitar da zance, sannan suka ajiye tsohuwar yarjejeniyar gefe suka shiga rubuta sabon kundi.

Rigimar da ta kusa wargaza taron ita ce ta wakilci. James Madison da abokansa na Virginia sun kawo shawarar a raba kujeru bisa yawan jama'a. Ƙananan jihohi, bisa jagorancin William Paterson na New Jersey, suka ce atafau sai dai kowace jiha ta ci gaba da ƙuri'a ɗaya. Tsoron nasu na da tushe, domin a ƙidayar 1790 Virginia na da mutum sama da 700,000, Delaware kuwa ba ta kai 60,000 ba. Ranar 16 ga Yuli aka amince da shawarar wakilan Connecticut: Majalisar Wakilai ta bi yawan jama'a, Majalisar Dattawa kuma kowace jiha ta samu kujeru biyu, babba ce ko ƙarama.

Sulhu na biyu ya fi muni. Jihohin kudu sun nemi a ƙidaya bayinsu wajen rabon kujeru, ko da yake bayin ba su da ƙuri'a. Aka daidaita a kan cewa kowane bawa biyar za a lissafa su a matsayin mutum uku, aka kuma hana majalisa soke shigo da bayi kafin 1808. A ƙidayar 1790, cikin mutum kusan miliyan 4, kimanin 700,000 bayi ne. Wannan miki da aka lulluɓe shi ne ya fashe ya zama yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865. Ita ma ƙuri'a, a yawancin jihohi ta maza masu dukiya ce kawai.

Sauran ginin ya tsaya a kan raba iko gida uku, yadda kowane ɓangare zai iya taka wa ɗan'uwansa burki. Majalisa ke yin doka da ƙayyade kuɗi. Shugaban ƙasa na iya ƙin sa hannu, amma kashi biyu bisa uku na majalisun biyu na iya tsallake shi. Shi ke naɗa alƙalai da manyan jami'ai, amma sai dattawa sun tabbatar. Majalisa kuma na iya tsige shi. An jera ikon gwamnatin tarayya ɗaya bayan ɗaya: haraji, yaƙi, buga kuɗi, gidan waya, ciniki da ƙasashen waje da tsakanin jihohi.

Mutum 39 suka sa hannu ranar 17 ga Satumba, 1787, amma kundin bai zama doka ba sai da tarukan wakilan jama'a a jihohi 9 suka amince. An tafka muhawara a jaridu, inda Alexander Hamilton da Madison da John Jay suka rubuta maƙalu 85 suna kare shi. New Hampshire ce ta cike ta tara a watan Yuni na 1788. Masu adawa ba su tashi a tutar babu ba, domin matsin lambarsu ne ya haifar da gyare-gyare 10 na farko a 1791, masu kare 'yancin addini da na faɗin albarkacin baki da na shari'ar adalci. Na goma ya ce duk ikon da ba a ba tarayya ba, na jihohi ne ko na jama'a.

Shekarun gwaji

An rantsar da Washington a New York ranar 30 ga Afrilu, 1789. Aikin farko shi ne neman kuɗi. Hamilton, sakataren baitulmali, ya sa tarayya ta ɗauke wa jihohi bashin yaƙi a 1790, a madadin haka aka yarda a gina sabon babban birni a bakin kogin Potomac, kusa da 'yan kudu. Aka kafa bankin ƙasa a 1791, aka ɗora haraji a kan barasa. Da manoman yammacin Pennsylvania suka yi bore a kan harajin a 1794, Washington ya tara mayaƙa kusan 13,000, boren ya watse. Shekara bakwai kacal bayan boren Shays, gwamnatin da a da take roƙo ta nuna tana iya karɓar harajinta.

Abubuwa uku suka ƙara dasa tsarin. Washington ya sauka don kansa a 1797 bayan wa'adi biyu, alhali kundin bai iyakance masa ba a lokacin. Zaɓen 1800 ya cije, domin Thomas Jefferson da abokin takararsa Aaron Burr sun yi kunnen doki da ƙuri'u 73 a kwalejin masu zaɓe, sai da Majalisar Wakilai ta kaɗa ƙuri'a sau 36 kafin Jefferson ya fita. Duk da haka John Adams, wanda ya sha kaye, ya bar mulki ga jam'iyyar adawa ba tare da an zubar da jini ba. Sannan a 1803 Kotun Ƙoli, ƙarƙashin John Marshall, ta tabbatar wa kanta ikon soke duk dokar da ta saɓa wa kundin tsarin mulki.

Yadda tsarin ya iso Najeriya

Najeriya ta samu 'yanci a 1960 da tsarin firaminista irin na Birtaniya. A lokacin kowace jiha, har da Jihar Arewa, tana da nata kundin tsarin mulki. Rikicin zaɓen Disamba 1964, inda Shugaba Nnamdi Azikiwe ya yi kwanaki bai gayyaci Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kafa gwamnati ba, ya nuna haɗarin shugabanni biyu a saman ƙasa ɗaya. Juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966 da yaƙin basasa suka biyo baya.

Da Janar Murtala Muhammad ya ƙaddamar da kwamitin rubuta sabon kundi a watan Oktoba na 1975, ya shaida musu cewa majalisar ƙoli ta soja ta karkata ga shugaba mai cikakken iko wanda ƙasa duka za ta zaɓa. Mutum 50 aka naɗa, Cif Obafemi Awolowo ya ƙi shiga, saura 49 ƙarƙashin lauya Rotimi Williams. Majalisar tsara kundi, wadda Mai Shari'a Udo Udoma ya shugabanta, ta yi muhawara a kan daftarin daga 1977 zuwa 1978, har wakilai Musulmi suka fice na ɗan lokaci a kan batun kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a a matakin tarayya. Gwamnatin Janar Obasanjo ta yi nata ƙare-ƙaren, ciki har da cusa dokar mallakar ƙasa ta 1978 wadda ta damƙa filaye a hannun gwamnoni, sannan ta zartar da kundin da dokar soja. Ba a kai shi jihohi don su amince ba. Haka aka yi da na 1999.

Masu rubutun ba su kwafi komai da komai ba. Maimakon kwalejin masu zaɓe irin ta Amurka, sun shar'anta cewa mai son zama shugaban ƙasa sai ya fi kowa ƙuri'a, kuma ya samu aƙalla kashi 25 cikin 100 a kashi biyu bisa uku na jihohi. Sun kuma wajabta raba muƙamai tsakanin sassan ƙasa, da ba kowace jiha minista aƙalla ɗaya. Manufar ita ce kada wani ya hau mulki da ƙuri'un yankinsa kawai.

Ƙuri'un tsohuwar Jihar Kano a gaban Kotun Ƙoli

Gwajin farko na wannan sharaɗi a kan ƙuri'un tsohuwar Jihar Kano ya faɗa, wadda Birnin Kudu da Gwaram ke cikinta a lokacin. A zaɓen 11 ga Agusta, 1979, Alhaji Shehu Shagari na NPN ya fi kowa ƙuri'a, ya kuma samu kashi 25 a jihohi 12 cikin 19. A Kano, inda Malam Aminu Kano na PRP ya yi rinjaye, kashi 19.94 ya samu. To, nawa ne kashi biyu bisa uku na 19?

Awolowo ya ce jiha ba ta rabuwa, don haka 13 ne, kuma tunda Shagari bai cika ba, sai 'yan majalisun tarayya da na jihohi su taru su zaɓa, kamar yadda dokar lokacin ta tanada. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce 12 ne da biyu bisa uku, don haka abin da ake bukata a jiha ta 13 shi ne rubu'in kashi biyu bisa uku na ƙuri'unta, wanda Shagari ya haura. Ranar 26 ga Satumba, kwana biyar kafin miƙa mulki, Kotun Ƙoli ta tabbatar da zaɓen Shagari, Mai Shari'a Kayode Eso ya saɓa. A wannan zangon zaɓe ne mutanen Birnin Kudu suka tura Sule Lamido, ɗan Bamaina, Majalisar Wakilai a tutar PRP.

Raba iko ma ya nuna kaifinsa nan da nan. A Kaduna, Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP ya tarar da majalisar da NPN ke da rinjaye. Ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, ta kuma tsige shi a watan Yuni na 1981. A tsarin firaminista ba a samun irin wannan, domin daga cikin masu rinjaye a majalisa ake fitar da shugaban gwamnati. Sojoji suka kifar da jamhuriyar ranar 31 ga Disamba, 1983, tana da shekara huɗu da wata uku.

Inda hanyoyin suka rabu

Jihar Jigawa sanarwar Janar Ibrahim Babangida ce ta haife ta, ranar 27 ga Agusta, 1991. Gwamnanta farar hula na farko, Ali Sa'ad Birnin Kudu, ya hau a watan Janairu na 1992 a ƙarƙashin SDP, ɗaya daga cikin jam'iyyu biyu da gwamnatin soja ta ƙirƙira da kanta, ya kuma sauka a Nuwamba 1993 da Janar Abacha ya rushe zaɓaɓɓun hukumomi. In ban da Jihar Tsakiyar Yamma ta 1963, babu jihar da farar hula suka ƙirƙira a Najeriya. A Amurka ma majalisar tarayya ce ke karɓar sababbin jihohi, kamar Kentucky a 1792 da Ohio a 1803, amma kowacce da kundinta take shigowa, wanda mutanenta suka rubuta. Jihohin Najeriya na yau ba su da nasu.

Kundin 1999 ya keɓe wa tarayya batutuwa 68, ciki har da ma'adinai da man fetur. Sashe na 214 ya hana kafa wata rundunar 'yan sanda ban da ta ƙasa, alhali a Amurka jihohi da birane da gundumomi kowa da tasa. Dattawan Birnin Kudu sun san lokacin da En'e ta Kano ke da 'yan dokarta da kotunanta da gidan yarinta da baitulmalinta, kafin gwamnatin soja ta karɓe su daga ƙarshen shekarun 1960. Sun kuma san zaluncin da ya sa 'yan NEPU suka yaƙi wannan tsari.

Babban bambancin yana wajen kuɗi. A zamanin En'e, daga ƙasa kuɗi ke hawa sama: mai unguwa da dagaci su tara haraji da jangali, hakimi ya kai Kano. Gwamna Abubakar Rimi ya soke su bayan hawansa a 1979, talakawa suka yi murna, kuma suna da hujja, domin an sha ɗaure mutane da tozarta su a kan kuɗin da ba su da shi. A daidai wannan zamani kuɗin mai ya riga ya mamaye asusun ƙasa, sai akalar ta juya. Yau daga asusun tarayya ake rabo: bayan cire kason jihohi masu arzikin mai, tarayya na ɗaukar kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma 20.60. A Amurka, gundumomi da garuruwa sun dogara sosai da harajin gidaje da filaye da mazaunansu ke biya wajen gudanar da makarantu da 'yan sanda, shi ya sa mai biya yake bin diddigin kuɗinsa.

Hatta rabon kujeru ya tsaya cik. Amurka na ƙidaya duk shekara 10 tun 1790, ana kuma sake raba kujerun wakilai bisa sakamakon. Ƙidayar ƙarshe a Najeriya ta 2006 ce, kujerun Jigawa 11 kuwa suna nan yadda suke tun 1999.

Rigimar da ta rage

Kundin Amurka bai ambaci ƙananan hukumomi ko sau ɗaya ba, ya bar wa jihohi. Na Najeriya ya jera sunayensu, har da Birnin Kudu da Gwaram da Buji cikin 27 na Jigawa, ya ba su kula da kasuwanni da tashoshin mota da rajistar haihuwa da mutuwa, da hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya. Amma sashe na 162 ya ce kuɗinsu ya bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, kuma shekara da shekaru ana zargin gwamnoni a faɗin ƙasa da riƙe kuɗin.

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar na Tarayya Lateef Fagbemi ya shigar: a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, kuma naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu ya saɓa wa doka. Masu goyon baya sun ce an ceto matakin gwamnati mafi kusa da talaka. Masu suka sun ce a tarayya irin ta Amurka ƙaramar hukuma harkar jiha ce, hukuncin kuma ƙara wa Abuja ƙarfi ya yi. Kowane ɓangare na da abin kamawa, domin kundin da kansa ya haɗa tsari biyu. Watanni da dama bayan hukuncin, ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi ta ƙasa ta ci gaba da kukan cewa ba a aiwatar da shi yadda ya kamata ba.

Akwai wuri ɗaya da jihohin Najeriya suka gaji iko na gaske daga tsarin 1787, wato gyaran kundi. A Amurka sai kashi uku bisa huɗu na jihohi sun amince, an kuma yi hakan sau 27. A Najeriya sashe na 9 ya bukaci majalisun jihohi 24 cikin 36. Ta wannan ƙofa aka ba jihohi damar shiga harkar wutar lantarki da jiragen ƙasa da gidajen gyaran hali a watan Maris na 2023. A wannan zagayen kuma ƙudirin 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi ya mutu, saboda bai samu jihohi 24 ba. Duk wani sabon yunƙuri a kan 'yan sandan jihohi ko asusun haɗin gwiwa sai ya biyo ta zauren majalisar dokoki da ke Dutse, inda 'yan majalisa 30 ke zama, cikinsu har da waɗanda Birnin Kudu da Gwaram suka tura.